Manajan Allon Talla

SHAFI NA 23

Masu turo min saƙo cewa na cika tausaya wa Manaja, na ji ku. Wata har cewa ta yi in ƙanina ne in fito fili in faɗa. Ba ƙanina ba ne, amma yau ko ku sai kun sunkuyar da kai a madadinsa. Ku gyara zama.

*

Manaja yana tsugune a bayan kantar shago yana gauraya koren fenti da guntun katako, sai ya ji sallama. Muryar kaɗai ta sa hannunsa ya tsaya cak a cikin bokitin.

Gwaggo ce, ƙanwar marigayi babansu, wadda rabonta da shigowa gari tun rasuwar mijinta, tare da 'yarta Auta.

"Masu shago, kuna ciki kuwa?"

Yaya ta miƙe daga kujerarta da sauri har mayafinta na zamewa.

"Lale lale, Gwaggo! Ke ce tafe ba ko waya? Har da Auta? Kai, yarinyar nan ta zama budurwa!"

"Mu ne, 'yar nan. Ina mai shagon?"

Yaya ba ta ko ƙifta ido ba.

"Yana sito yana duba kaya. Yanzu zai fito."

Tana faɗa tana sa ƙafa ta ƙarƙashin kanta, ta zungure shi a haƙarƙari.

Ya gane. Da rarrafe ya bi bayan buhunan siminti ya shige sito, namiji guda mai digiri, gwiwoyinsa na shan ƙura.

Ga waɗanda suka shigo mana a tsakiya, shagon fenti da kayan famfon nan na Yaya ne, babbar yayarsa, ita ta gina shi daga tebur guda. Ita kuma ta biya masa kuɗin digirin kasuwanci a ƙaramar jami'ar yankinsu. Ya gama, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya buɗe baki, ƙarshe ya dawo wurinta yana gauraya fenti da ɗaukar bokiti. 'Yan kasuwa ne suka raɗa masa Manaja don tsokana, sunan ya bi shi. Da jami'ar ta zo neman tsofaffin ɗalibanta da suka yi nasara, Yaya ta aro masa kwat, ta tsayar da shi a ƙofar shago, ita ta koma gefe don kar ta fito a hoton. Yanzu ga shi can a ƙaton allon talla a bakin tasha, ya harɗe hannu yana murmushi, an rubuta a ƙasa: Ya yi karatu a wurinmu, yau shi ne mai wannan shago.

Sau ɗaya karatun nan ya taɓa sa shi ɗaga kai. Kwanakin baya wani dillali ya kawo wa Yaya tallan wani ɗan shago a layin masu taya, ya ce mai shi yana da wani kuɗi da dole ya biya kafin ƙarshen wata. Yaya tana neman ƙarin sito, har ta buɗe baki za ta taya, Manaja ya ce ta yi shiru. Ya ce a makaranta an koya musu cewa mai sayarwa da ke da wa'adi, wa'adin ne ke yi maka ciniki. A bar shi ya yi ta jira, sai rana ta matso sannan a taya ƙasa. Haka aka yi, farashi ya faɗo warwas. Ranar Yaya ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Yau dai karatunka ya yi rana." Ya kwana yana jin daɗin maganar nan.

To, mu koma sito.

Ya wanke hannu da kananzir, ya goge da tsumma, ya ciro kwat ɗin daga ƙusa. Tun ranar hoton Yaya ba ta mayar wa mai shi ba, wai saboda irin yau. Ya saka a kan rigar aikinsa, ya ɓalla maɓalli har sama don kar a ga ɗigon fenti.

Yana fitowa Gwaggo ta tafa hannu.

"Ga shi nan! Wallahi shi ne, sak na allon!"

Ya durƙusa.

"Gwaggo, sannu da hanya. Kun zo lafiya?"

"Tashi, ɗan nan, kar ka ɓata tufafinka. Tashi ka zauna a kujerarka."

Kujerarsa. Kujerar Yaya take nufi, wadda tunda ya fara aiki a shagon nan bai taɓa ɗora mazaunansa a kai ba. Ya kalli Yaya. Ta yi masa alama da gira. Ya ɗosana a bakin kujerar kamar mai jiran a tashe shi.

"Ka san me na yi a tasha?" in ji Gwaggo. "Muna sauka na hango ka a sama. Na tsayar da duk waɗanda muka zo mota ɗaya, na ce ku ɗaga kai, wancan ɗan yayana ne, ni na yi goyonsa. Har direba sai da ya leƙo. Auta, nuna masa."

Auta ta miƙo waya. Gwaggo ce tsaye a ƙarƙashin allon, 'yar ƙarama, ta ɗaga hannu tana nuna fuskarsa, bakinta har kunne.

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ya yi kyau," ya ce.

"Tun da wata maƙwabciyarmu ta nuna min hoton nan a wayarta barci ya ƙaurace min," Gwaggo ta ci gaba. "Na ce Auta, zo ki ga. Ita makarantar koyon jinya ta so, har sun ba ta gurbi. Na ce ina! Ki ƙare rayuwarki kina kwashe fitsarin mutane, alhali ga ɗan'uwanki an kafa shi a bakin tasha? Na sa ta ajiye waccan, ta nemi taku. Kuma Allah ya yi, sun ɗauke ta. Irin karatunka sak, na kasuwanci."

"Ta ajiye jinyar?" in ji Manaja.

"Ta ajiye. Sun ma ba wa wata gurbin."

Yaya ta ce, "Masha Allah," ta hau gyara gwangwanayen da babu abin da ya same su.

Auta ba ta yi dariya ba. Yarinya ce mai shiru, mai kallon mutum kai tsaye. Tun ɗazu idonta na kan hannunsa. Ya duba, ashe koren fentin yana nan maƙale a ƙarƙashin faratansa. Ya dunƙule hannun ya cusa a aljihu.

"Yaya Manaja, in tambaye ka?"

"Ina jin ki."

"Bayan ka gama, ka daɗe kafin kuɗin da aka kashe maka ya dawo?"

"Ke, wace irin tambaya ce wannan?" in ji Gwaggo.

"Inna, so nake in sani. In na san lokacin da zai ɗauka, sai in san yaushe zan mayar miki da abin da za ki rasa."

Manaja ya kawar da kai, ya kalli Yaya.

Yaya ta yi dariya mai ƙarfi fiye da kima.

"Auta ke nan! Wa yake zama lissafin wannan? Ba ga shago kina gani da idonki ba?"

"Ina gani," in ji Auta. Amma ba shagon take kallo ba.

Ana cikin haka sai ga wani mai fentin gidaje, tsohon abokin cinikin Yaya, ya shigo da buroshi a aljihun baya.

"Kai Manaja, ina koren da na ce ka gauraya min tun safe? Masu gida na jira." Ya tsaya, ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "A'a! Yau kuma kwat? Kuma a kujerar..."

"Ga shi nan, an gama!" Yaya ta tari numfashinsa.

Ta zagaya bayan kanta da kanta, ta sunkuya ta cicciɓo bokitin. Rabonta da ɗaukar bokiti tun kafin bayanta ya fara ciwo. Ta kai masa har bakin ƙofa tana nishi, tana tura shi waje da magana. Mutumin ya tafi yana waiwaye.

Gwaggo ta girgiza kai, ta sauke ajiyar zuciya.

"Kin gani ko, Auta? Albarkar karatu ke nan. Ƙani yana zaune, yayarsa na yi masa aiki. 'Yar nan, ki gode wa Allah da ya ba ki ƙanin da ya rufa miki asiri ya ɗauke ki a shagonsa. Wani da sai ya ɗauko bare."

Na rantse muku, fuskar Yaya sai da ta canja. Amma ta ce, "Gaskiya ne, Gwaggo. Yana ƙoƙari da ni."

Wannan ce ta karya shi. Ya miƙe.

"Yaya, zo ki ga wani abu a sito."

Suna shiga ya janyo ƙofa.

"Zan faɗa mata."

"Ka faɗa mata me?"

"Gaskiya. Cewa shagon naki ne. Cewa ni yaron shago ne."

"Rage murya."

"Yaya, yarinyar nan ta bar jinya! Ta bar aikin da tana gamawa asibiti ke jiran ta, saboda hotona!"

"Ni na ce ta bari?"

"Ke kika tsayar da ni a ƙofa kika ce in harɗe hannu."

"Kai kuma ka harɗe. Har da murmushi, ban ce ka yi murmushi ba."

Ya sunkuyar da kai, don gaskiya ta faɗa.

"Kin san ina abokan karatuna suke?" ya ce a hankali. "Wanda ya fi mu ƙoƙari motar haya yake ja. Wata tana tallan atamfa a waya. Wanda ya samu banki kawunsa ne ya sa shi, kuma yawo yake a rana yana roƙon mutane su buɗe asusu. Ni duk inda na kai takarduna sai a juya su a ce, wace jami'a ce kuma wannan, a ina take? Ba na cewa ban koyi komai ba, na koya. Amma abin da kika zuba a kaina, da kin zuba shi a shagon nan, da yanzu kina da uku irinsa. Kin sani, na sani."

"Ka gama?"

"Ban gama ba."

"To ni ka saurare ni." Ta matso. "Lokacin da nake hana kaina sabon zane don in biya maka, ka san me matan layin nan suke cewa? Wai ina zuba ruwa a rariya. Da ka dawo kana ɗaukar bokiti, har shagon nan suke zuwa sayen ƙusa ɗaya don su gan ka su yi dariya. Na shanye. Ranar da aka kafa allon nan, su ɗin ne suka zo suna min barka. Ban samu ko sisi daga digirinka ba, ban kuma tambaye ka ba. Allon nan shi kaɗai ne ribata. Shi ma za ka ƙwace?"

Idonsa ya ciko. Ya kasa kallon ta.

"Yaya, ki yi haƙuri. Amma Gwaggo ba ta da irin ƙarfinki. In ta faɗi ba mai ɗaga ta."

Yaya ta juya baya tana gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"To na ji. Ka faɗa mata. Amma ba yau ba."

"Me ya sa?"

"Gobe. Gobe ka faɗa mata duk abin da ka ga dama, ni da kaina zan raka ka. Yau dai ka rufa min asiri."

"Mene ne bambancin yau da gobe?"

"Na ce gobe!"

Ta buɗe ƙofa ta fice.

Ya tsaya shi kaɗai a cikin warin kananzir, yana juya maganar. Yaya ba mai ɗaga magana zuwa gobe ba ce, ko bashi ba ta yarda a ce mata gobe. Ya rasa gane kanta. Ya dai san in ya bari aka kwana, ba zai ƙara samun ƙarfin hali ba.

Ya fito. Bai koma kujerar ba, ya jawo bokitin da babu komai ya kifa a gaban Gwaggo ya zauna a kai.

"Gwaggo, akwai maganar da nake so..."

"Tsaya, ɗan nan, bari in riga ka, don tawa ta fi gaggawa. Ba yawon ganin allo kawai ya kawo ni ba. Alfarma na zo nema."

"Gwaggo, ku sha ruwa tukuna mana," in ji Yaya. "Auta, zo mu je in saya muku lemo."

"Bar ta, mun sha a hanya." Gwaggo ta gyara zama. "Ka san kuɗin makarantarku ba wasa ba ne. Ga rajista, ga ɗaki, ga littattafai. Kuma sun ce in wata ya ƙare ba a biya ba, gurbi ya tafi. Ni kuwa abin da mijina ya bar min guda ɗaya ne a garin nan, ɗan shago. Hayarsa muke ci ni da Auta tun da ya rasu."

"Ban san ya bar shago ba."

"Kana makaranta lokacin. Yayarka ta sani, ai ita ta raka ni aka yi takardu. Yana can layin masu taya."

Ya ɗago kai da sauri.

"Layin masu taya?"

"Can ƙarshe, kusa da mai walda. Na sa shi a kasuwa, na ba wani dillali. Da farko ya ce akwai mai so, har an kusa tayawa da daraja. Sai kuma shiru. Na yi ta kira, ya ce su ma sun yi shiru. Mako ya wuce, wani ya bi, ni ina kallon wata yana ƙarewa. Da suka ga wuƙa ta zo min wuya, sai suka aiko da tayin da ko faɗarsa ba na son yi."

Manaja ya juya a hankali ya kalli Yaya. Tana tsaye a bayan kanta, ta ɗauki wani kan famfo tana murɗawa tana warwarewa. Ba ta ɗago ba.

"Na tambayi dillalin, wane irin mutane ne waɗannan marasa imani?" in ji Gwaggo. "Ya ƙi faɗa min ko su wane ne, ka san su da ɓoye mai saye saboda la'ada. Ya dai ce ba laifin mai kuɗin ba ne, wai akwai wani mai ilimin kasuwanci a bayansu, shi ya ce a ja ni har sai na galabaita. Ban yi masa baki ba, ɗan nan, don shi ma ɗan wata ne. Amma na bar shi da Allah."

"Inna, ki daina kuka a shagon mutane," in ji Auta a hankali.

"Ba kuka nake ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Abin da zai rage bayan an biya shekarar farko ba zai kai mu ko'ina ba. Na karɓi kafin alƙalami don ba yadda zan yi. Yau da la'asar za a cika, in ba da mukulli. Shi ne jiya ina kwance na ce, kai, ni ma fa ina da nawa mai ilimin! Nasu a ɓoye yake, nawa kuwa a bakin tasha aka kafa shi."

Ta kamo hannunsa, hannun nan mai koren fenti, ta riƙe da nata biyun.

"Ka raka ni, ɗan nan. Da kwat ɗinka haka. Ka zauna gaban wancan yaron ka yi masa irin maganarku ta masu karatu, ko Allah zai sa su ji kunya su ƙara wani abu. Ba don ni ba, don ƙanwarka."

Duk tsawon karatun nan, duk wahalar Yaya, sau ɗaya tak digirinsa ya taɓa kawo riba, kuma ga wadda aka cire ribar daga jikinta tana riƙe da hannunsa tana roƙon sa.

"Yaya," ya ce a hankali. "Kin sani?"

Yaya ta ajiye kan famfon.

"Gwaggo, ku tashi mu je gida ku huta. Zafi ya yi yawa a nan."

"Yaya, tambayar ki nake. Ranar da na ce ki yi shiru, kin san na wane ne?"

"Na wane ne me?" in ji Gwaggo, tana kallon wannan tana kallon wancan.

Auta ta miƙe tsaye.

Daidai nan inuwa ta tare ƙofar shago. Dillali ne, da jakarsa a hammata, yana share gumi da hula.

"Salamu alaikum, uwar ɗakina! Na ce bari in biyo tun yanzu in karɓi cikon, kar la'asar ta yi muna..."

Ya yi turus. Ya kalli Gwaggo, ya kalli Yaya, sai ya washe baki.

"A'a! Ikon Allah! Ashe har kun gano juna? To ai kun rage min tafiya. Ga mai sayarwa, ga mai saye." Ya nuna Manaja da hularsa yana dariya. "Ga kuma mai dabarar da kansa, har da kwat!"

Babu wanda ya taya shi dariyar.

Gwaggo ba ta saki hannun ba tukuna. Ta juyo da shi a hankali, ta kalli koren fentin da ke ƙarƙashin faratan, sannan ta ɗago ta kalli fuskarsa.

"Ɗan nan," ta ce. "Wace dabara?"